Lakca a waya, aiki a aji: wa ya taɓa yin kwas irin wannan?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, da ɗan ƙorafi a cikinta. Wannan zangon Daktan da ke ɗaukarmu Kimistiri ya zo da sabon salo. Ya ce ya daina tsayawa gaban allo yana lakca. Duk mako zai turo bidiyo a guruf tare da shafukan da za mu karanta, mu gama da su a gida. Ranar aji kuwa, da shigarmu sai gajeren gwaji, daga nan a raba mu rukuni-rukuni mu yi ta warware tambayoyi, shi yana zagayawa. Juyayyen aji yake kiran abin. Tambayata, wanda ya taɓa yin irin wannan kwas ya haye lafiya, yaya ya riƙa shirya masa? Ƙorafin kuma, in ni zan koya wa kaina a ɗaki, shi albashin me yake karɓa?

Sarkin Barkwanci:
Wa alaikumus salam. Hhhh Dakta ya gano hanyar hutu kenan. Allah ya ba ku haƙuri.

Malamin Fizis:
Haba Sarki, ka yi wa bawan Allah adalci. Ni a kwalejin ilimi nake koyarwa, na kuma gwada salon nan a kwas guda. Lakcar da na saba yi da ka sai da na zauna na tsara ta, na naɗa, na yanke, wani lokacin na sake naɗa saboda ƙarar janareton maƙwabta. Ga kuma tambayoyin aji, dole su zama ba masu sauƙin da za a gama nan take ba, ba kuma masu tsaurin da kowa zai ajiye biro ba. Ka tsaya gaban allo ka karanto tsohon handawut ɗinka ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuma ba Daktanku ne ya ƙago abin ba. Waɗanda suka fi shahara da shi malaman Kimistiri ne guda biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a wata sakandare da ke garin Woodland Park a jihar Kolorado ta Amurka. A 2007 suka fara naɗar darussansu, kuma dalilin ba wata babbar falsafa ba ce. Makarantar a karkara take, yara masu wasanni sukan yi doguwar tafiya zuwa gasa su rasa darasi, malaman kuma sun gaji da maimaitawa. Daga baya ne suka tambayi kansu: yaushe yaro ya fi bukatar malami kusa da shi? Lokacin da yake zaune yana sauraro, ko lokacin da ya kakare a kan aikin gida cikin dare babu mai taimakonsa? Amsar wannan tambayar ce ta juya ajin. Albashin Dakta, Ɗan Kurna, na tsayawa a kanka ne lokacin da ka kakare.

Ɗan Kurna:
Na ji, Malam. Amma wallahi na kalli bidiyon makon jiya, na sake kalla, na ji komai ya zauna daram. Ina shiga gwajin nan na sha ƙasa. To ina amfanin kallon?

Likitan Gobe:
Ɗan'uwa, a nan gizo ke saƙar. A kwance ka kalla ko a zaune?

Ɗan Kurna:
A kwance mana. Da dare.

Likitan Gobe:
To shi ne. Mu a bangaren likitanci da yawa daga kwasa-kwasanmu haka suke tafiya, bari in gaya maka abin da ya fisshe ni.

Kafin in danna bidiyo sai na fara duba tambayoyin makon ko manufofin darasin in malami ya bayar, don in san me nake nema. Sannan takarda da biro, a zaune. Nakan ja layi a shafi, gefen dama mai faɗi na abin da malami ke faɗa, gefen hagu siriri na tambayoyina, ƙasa kuma in bar layi uku da zan taƙaita darasin da bakina. Tsarin Cornell ake ce masa, wani malami Walter Pauk ne ya fito da shi tun shekarun 1950.

Abu mafi muhimmanci: duk inda malami ya rubuta misali zai warware, ka tsayar da bidiyon kafin ya fara. Ka gwada da kanka. Ko ka kasa, ka gwada. Sannan ka saki ka ga inda hanyarku ta rabu. Mai zama kusa da direba kullum gani yake ya iya tuƙi, sai ranar da aka miƙa masa sitiyari. Idan ka gama, rufe littafin da wayar, ka ɗauko farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna. Ramukan da ka gani a takardar nan su ne za ka tafi da su aji. Ni a wajena wanda bai zo aji da tambaya ba bai shirya ba, ko da ya haddace bidiyon.

Yaya Na Ingila:
Likita ya faɗi gaskiya, kuma akwai bincike a bayan maganarsa. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka sa su rufe su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai labari ya sha bamban, masu rufe littafi suka wuce su. Abin dariyar, masu maimaitawar ne suka fi amincewa da kansu.

Wancan jin na "komai ya zauna daram" da ƙanina Ɗan Kurna ya ambata, an auna shi shi ma. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka sun raba ɗaliban Fizis biyu, wasu lakca mai daɗin sauraro daga ƙwararren malami, wasu kuma aji na warware tambayoyi. Masu lakcar suka ce sun fi jin sun koya. Da aka yi gwaji, masu wahalar warwarewa ne suka fi ci. Wato jin ka gane daban, ganewa daban, kuma malami mai zaƙin baki ya fi kowa iya rufe maka wannan bambancin.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Ni ajinmu ɗaya da Ɗan Kurna, kuma duk abin da kuka faɗa na yarda da shi a takarda. Amma Yaya, ku da kuke can wuta ba ta ɗaukewa, ku ɗan saurare ni. Ina tashi daga lakca ƙarfe huɗu, in bi ta makarantar yara, in dawo in ɗora tukunya. Kafin in zauna an yi isha'i. Wayar ba caji, layinmu sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba. Bidiyon Dakta kowanne ya kusa awa guda. Data kuma kowa ya san yadda ta koma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashi a farkon 2025. Da can ko ban buɗe littafi ba, in na samu na zauna a aji zan tsinci wani abu in tafi da shi. Yanzu in ban kalla ba, zaman ajin ma na banza ne, ina kallon mutane suna gardama kan abin da ban taɓa ji ba. Ga kuma makin gwajin ya tafi. Hukunci biyu kan laifi ɗaya, laifin ma ba nawa ba.

Sarkin Barkwanci:
Maman Ilham ta gama magana. A rufe zaure.

Yaya Na Ingila:
Ba za a rufe ba, amma ba zan musa mata ba. Hajiya, abin da kika faɗa shi ne babban raunin tsarin, kuma ba a Najeriya kaɗai ba. An yi wani gwaji a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, ɗalibai sama da 1,300, a kwasa-kwasan Lissafi da Tattalin Arziki. Aka zaɓi azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, wasu a juye, wasu yadda aka saba. A Lissafi an ga ƙaruwar maki a gwajin da ya biyo baya nan kusa, a Tattalin Arziki ba a ga komai ba. Ƙaruwar ma ta fi zuwa wa maza, fararen fata, da waɗanda dama can su ne masu ƙoƙari. Zuwa jarrabawar ƙarshe ribar ta ɓace, amma tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya ba ta ɓace ba. To wannan fa wuri ne da kowa yana da kwamfuta da wuta da gado da abinci. Ina ga namu?

Abu Sumayya:
Alhamdulillahi, yau mai kawo mana binciken Turawa ya kawo wanda ya rusa nasa. To Yaya, tunda haka ne me ya sa ake ɗora mana?

Yaya Na Ingila:
Saboda ba shi kaɗai ne bincike ba, Abu Sumayya. A 2014 Scott Freeman da tawagarsa sun tattara bincike 225 kan kwasa-kwasan kimiyya, injiniyanci da lissafi. A azuzuwan lakca zalla kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da hannunsu kusan kashi 22. Amma ka lura, wannan magana ce kan abin da ake yi a cikin aji, ba kan bidiyo ba. Bidiyon hanya ce kawai ta samar da lokaci. Malamin da ya turo bidiyo sannan ya zo aji ya maimaita shi, ko ya zauna yana danna waya ya bar ku da takarda, bai yi komai ba sai ƙara muku nauyi.

Wakilin Aji:
Bari in sa baki tunda ni ke karɓar ƙorafin nan kullum. Maganar data muna da rabin magani. Mutum ɗaya ke sauke bidiyon, sauran mu karɓa ta Xender bayan lakcar safe. Wanda zai sauke da kansa ya rage ingancin hoton, rubutun allo yana karantuwa ko an rage shi zuwa 360p. Maman Ilham, ki neme ni gobe da wayarki. Matsalar da ban da maganinta ita ce Dakta yakan turo abin ne daren Lahadi, aji kuma Talata da safe.

Malamin Fizis:
To wannan kuskurensa ne, kuma gyararre ne. Ya kamata kayan mako su fito aƙalla kwana biyar kafin aji, ƙarshen mako ya faɗo a ciki. Su Bergmann ma da suka fara, ba duk yaransu ke da intanet ba, sai suka riƙa zuba darasin a filash da faifan DVD yaro ya tafi da shi gida. Ba su ce "ruwanka" ba.

Sai tsawon bidiyon. Awa guda ya yi yawa ƙwarai. Philip Guo da abokansa sun duba kallon bidiyo miliyan 6.9 a dandalin darussan intanet na edX a 2014, suka ga hankalin mai kallo yakan fara guduwa bayan kamar minti 6, komai tsawon bidiyon. Ni nawa nakan yanka su gutsi-gutsi, kowanne ra'ayi guda. Wannan zai taimaki irin su Maman Ilham kai tsaye, don minti bakwai yana samuwa kafin shinkafa ta tsotse, awa guda ba ta samuwa. Kuma ku roƙe shi ya haɗa da rubutaccen bayani. Ba dole ne shiri ya zama bidiyo ba. Shafi huɗu a takarda ba ya cin caji.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta malamai, ina ta karantawa ina murmushi. Abin da kuke ta jinginawa ga Kolorado, mu a zaure da shi muka tashi. Wa ya isa ya zauna gaban Malam da Iziyya ko Risala bai yi muɗala'a ba? Tun dare za ka bi darasin gobe, ka gyara wasulla, ka nemi kalmomin da suka shige maka duhu, in ya gagara ka je wajen wani babban ɗalibi. Da safe kai ne za ka ja baƙi, Malam yana fassarawa yana gyara ka. In ba ka duba ba, a layin farko asirinka zai tonu a gaban jama'a. Bayan an tashi kuma a zauna muraja'a biyu-biyu. Babu maki, babu gwaji, kunya kaɗai ta ishe ka.

Malamin Fizis:
Gaskiya ne Malam, shirin kafin darasi iri ɗaya ne, kuma na so a ce 'yan boko sun riƙe wannan tarbiyyar. Sai dai akwai inda suka rabu. A zaure bayanin yana nan a bakin Malam, muɗala'a share fage ce. A juyayyen aji bayanin ne gaba ɗaya aka mayar gida. Sannan a zaure kowa da littafinsa da inda ya tsaya, Malam yana bin ku ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke jiran jarrabawa a mako na goma sha biyar. Wanda bai samu dubawa yau ba sai ya maimaita darasin jiya, ba abin da ya rasa.

Almajirin Zaure:
Na karɓi wannan. Amma ka ga ko a nan akwai darasi ga Dakta: wanda uzuri ya hana shi shiri, a ba shi hanyar da zai cim ma sahu, kada a kore shi.

Abu Sumayya:
Duk wannan daɗin baki ne. Ku zo ku ga babban ɗakin lakcar da muke ɗaukar kwasa-kwasan aji ɗaya. Mutum ɗari huɗu ko fiye, benci a kafe da ƙasa, wasu a kan taga, makirfo yana aiki yau gobe ya ƙi. Wane rukuni za a raba? Wa zai zagaya? Malami ko tsakiyar layi ba zai iya kaiwa ba.

Malamin Fizis:
Ba sai an motsa benci ba. Ka san Eric Mazur? Malamin Fizis ne a Harvard, kuma ajinsa babba ne. Wajen 1990 ya ba ɗalibansa wani gwaji kan ainihin fahimtar dokokin Newton, babu lissafi a ciki, sai ya tarar yaran da ke warware manyan lissafai suna faɗuwa a tambayoyin da yake ganin na yara ne. Daga nan ya canza salo. Ɗalibi ya karanto darasi daga gida. A aji sai ya jefa tambaya ɗaya mai zaɓi, kowa ya yi shiru ya yi tunani shi kaɗai, sannan kowa ya zaɓa. Idan masu daidai suna tsakanin kashi 30 zuwa 70, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, ya shawo kansa. Minti biyu ko uku ana hayaniya, a sake zaɓe. Galibi masu daidai sukan ƙaru a zagaye na biyu. In kusan kowa ya ci tun farko a wuce, in kusan kowa ya faɗi malami ya sake bayani.

Hikimar ita ce wanda ya gane abu jiya-jiya ya fi farfesa sanin inda yake da wuya, don shi farfesa ya manta ya taɓa rashin saninsa. Ni ba ni da na'urar zaɓe, yatsu nake sa su ɗaga a ƙirji, ɗaya zuwa huɗu, yadda na baya ba zai kwafi na gaba ba. Daga kan dandamali ina ganin ajin gaba ɗaya.

Abu Sumayya:
Yatsu a ƙirji kam zai yiwu. Amma mutum ɗari huɗu suna magana lokaci guda, wa zai mayar da su shiru?

Malamin Fizis:
Usur nake da shi. Kada ka yi dariya, yana aiki.

'Yar Tudun Wada:
Ni abin da ke damuna ba shirin ba ne, ina yi. Zaman rukunin ne. Mu shida ne, mata biyu. Akwai wani da ya ɗauki kansa shugaba, shi ke riƙe biro, shi ke magana, in na kawo amsa sai ya yi kamar bai ji ba, bayan minti biyu wani namiji ya maimaita ta a ce madalla. Biyu kuma ba sa kallon komai, sai su zo su jingina, a ƙarshe a rubuta sunansu a takarda mu raba maki daidai. Sannan da gardama ta yi zafi sai a koma Hausa, alhali akwai wata 'yar Binuwai a cikinmu da ba ta ji sosai. Sai ta yi tagumi kawai.

Likitan Gobe:
Ƙanwata, maganar komawa Hausa ni ban ga laifinta ba in kowa yana ji, sau da yawa a nan ne abu ke faɗawa. Amma in akwai wanda ba ya ji, to wanda ya yi bayanin ya maimaita da Turanci, riba biyu ce ma, don da Turancin za a rubuta jarrabawa.

Masu jingina kuma, tsarinmu ya rage su. Namu ya samo asali ne daga wani malami Larry Michaelsen na Jami'ar Oklahoma, wanda a ƙarshen shekarun 1970 ajinsa ya tashi daga mutum 40 zuwa 120. Rukuni mutum biyar zuwa bakwai, malami ne ke haɗawa ba abokai ba, kuma ba a canzawa har ƙarshen zango. Da an shiga kowa zai yi gwajin shi kaɗai a karɓe takarda. Sannan rukuni ya sake yin wannan gwajin dai tare. Makinka na kanka daban, na rukuni daban. In kuna ganin amsar malami ba daidai ba ce kuna da damar ɗaukaka ƙara a rubuce, da hujja daga littafi. A ƙarshen zango kowa zai ba 'yan rukuninsa maki a asirce. Ranar da mai jingina ya ji akwai wannan makin na asiri, ranar yake fara kallon bidiyo.

Shi kuma mai riƙe biro, ku sa doka biro yana zagayawa, kowace tambaya da mai rubutunta, kuma mai rubutu ba ya magana sai kowa ya faɗi tasa.

'Yar Tudun Wada:
Dokar biron nan ta yi min. Makin asirin ne nake tsoro, kada ya zama hanyar ramuwar gayya. Mutanenmu ka san su.

Likitan Gobe:
Yana faruwa. Shi ya sa ba a ba shi kaso mai yawa, kuma dole ka rubuta dalili.

Maman Ilham:
Akwai wani abu da ba wanda ya taɓo. Yanzu Dakta ɗaya ne ke yi, muna nishi. In malamai huɗu suka ga abin ya burge su suka juya nasu a zango ɗaya fa? Kowa ya turo awa biyu na kallo, ga karatu, ga rahoton dakin gwaje-gwaje. Awannin aji kuma ba a rage ko ɗaya ba.

Yaya Na Ingila:
Wannan tambayar ta shugaban sashe ce, ba ta malami ɗaya ba. A ƙa'ida abin da aka tura gida ya kamata ya maye gurbin aikin gidan da aka saba bayarwa, tunda shi aikin gidan ya dawo aji. In Dakta yana ba ku bidiyo, yana kuma ba ku jinga kamar da, to ya ci biyu.

Ɗan Kurna:
Yana bayarwa kuwa, Yaya.

Abu Sumayya:
Kun gani ko. Ni kuma abin da zan ƙara, duk ranar da jarrabawa ta zo aka ce "kawo ma'anar kaza, lissafo kaza guda biyar", to duk wannan gardamar rukunin ta tashi a banza, mai haddar handawut ne zai ci. Ɗalibi ba wawa ba ne, inda maki yake can yake kallo. Ku tambayi Dakta tun yanzu wane irin tambaya zai yi a ƙarshe.

Malamin Fizis:
A nan kam ni da Abu Sumayya bakinmu ɗaya. In jarrabawa ba ta yi kama da aikin aji ba, an yaudari yara. Ku nemi ya ba ku samfurin tambaya ko biyu.

Ɗan Kurna, ka koma kan tambayarka ta farko. A cikin ajin, kada ka ɓoye kuskurenka. Ɗalibanmu sun saba in malami ya nufo su sai su rufe takarda da hannu. A wannan tsarin takardar da ta lalace ita ce ta fi bukatar ya gani. Ka kira shi, ka nuna masa layin da ka tsaya, kada ka ce "ban gane komai ba", ka ce "daga nan zuwa nan ne ban ga yadda aka yi ba". Kuma da an tashi, a ranar, ka sake warware tambaya ɗaya da ta ba rukuninku wuya, kai kaɗai ba tare da duba amsa ba. Abin da rukuni ya iya ba lallai kai ka iya shi ba, kuma ɗakin jarrabawa ba a shiga da rukuni.

Sarkin Barkwanci:
Wasu dai suna shiga da shi, Malam.

Admin:
Sarki, a kiyaye.

Wakilin Aji:
To ga abin da na tsinta zan kai wa Dakta, wanda ke da ƙari ya faɗa kafin dare. Ya riƙa sakin kayan mako tun ranar Alhamis. Ya yanka bidiyon gajeru, ya haɗa da rubutu. A zubar da gwaji biyu mafi ƙarancin maki na kowane ɗalibi a ƙarshen zango saboda masu uzuri. Ya rage jinga. Ya ba mu samfurin tambayar jarrabawa. Maganar makin asiri ban sa ba tukuna, sai mun yi shawara a aji.

'Yar Tudun Wada:
Ka ƙara da cewa shi ya raba rukunin da kansa, kuma kada a bar mace ɗaya tilo a cikin maza biyar.

Abu Sumayya:
Zubar da gwaji biyun nan ba zai yarda ba, ku rubuta ku ajiye. Zai ce kowa zai ƙi shiri sau biyu da gangan.

Malamin Fizis:
Zai iya yarda in kun je masa da ladabi, kuma ba ku tafi a matsayin masu neman a soke tsarin ba. Kada ku wuce mutum uku. Ku tafi da Maman Ilham, bakinta ya fi naku hujja.

Maman Ilham:
Zan je, amma a sa shi kafin azahar. Ƙarfe biyu nake ɗauko yara ranar Laraba.

Wakilin Aji:
Sha ɗaya da rabi, bayan lakcar Lissafi, a ƙofar ofishinsa. Ɗan Kurna kai ne na uku, kuma don Allah maganar albashin nan ka bar ta a nan guruf.